Neman shawara: yaya zan amsa wa ƙanina kan jiragen halittun wata duniya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Ina da ƙane mai karatun injiniya wanda ya yi nisa a kallon bidiyon abubuwan da ake hangowa suna shawagi a sama, har ya sakankance cewa jiragen halittun wata duniya ne, kuma suna sace mutane su bincike jikinsu sannan su dawo da su. Hujjojinsa uku ne: gwamnatin Amurka da bakinta ta amsa cewa akwai abubuwan da ta kasa ganewa, matuƙan jiragen yaƙi ba za su shirga ƙarya ba, kuma mutanen da ba su san juna ba sun ba da labarin sacewa iri ɗaya. Idan na ce ina tarkacen jirgin, sai ya ce an ɓoye. Jikina yana ba ni cewa akwai ɓaraka a zancen, amma na rasa ta inda zan kama shi. Don Allah a taimaka mini da shawara.

Wani malamin lissafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Babbar ɓarakar tana cikin hujjar farko. Rahoton da ofishin daraktan leƙen asirin Amurka ya fitar a watan Yuni na 2021 ya duba al'amura 144, aka tantance ɗaya, wanda ya zama katuwar balan-balan ce da iskarta ke fita, sauran kuwa aka ce bayanan da ke hannu ba su isa a yanke hukunci ba. Ƙaninka ya ɗauki "ba mu san mene ne ba" ya mayar da shi "mun san daga wata duniya yake", alhali wanda ya ce bai sani ba bai tabbatar da komai ba. Tsakanin 1947 da 1969 rundunar sojan saman Amurka ta tara rahotanni 12,618, daga cikinsu 701 suka rage ba a gano su ba, kuma kowane bincike yakan bar irin wannan saura. Idan mai unguwa ya kasa gano wanda ya kwance akuya, ba a cewa ai kuwa aljani ne.

Maganar "an ɓoye" ta fi wuyar sha'ani, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. A Roswell, wani gari a Amurka da ake cewa jirgin baƙi ya faɗi kusa da shi, a shekarar 1947, sojoji sun ce tarkacen da aka tsinta na balan-balan ɗin auna yanayi ne, sai a 1994 suka bayyana cewa na wani shirin sirri ne mai suna Mogul, wanda aka yi don sauraron gwajin makaman nukiliya na Tarayyar Sobiyat. An yi ɓoyo, amma abin da aka ɓoye na 'yan Adam ne. Idan kuma samun shaida zai zama hujjarsa, rashinta ma ya zama hujjarsa, to babu abin da zai iya ƙaryata zancen, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa mai da'awa shi ke kawo shaida.

Wata ma'aikaciyar lafiya:
Yayana, ni kan batun sacewa zan yi magana, kuma roƙona shi ne kada ka ce masa mutanen nan maƙaryata ne, domin yawancinsu sun yi imani da abin da suke faɗa. Mutum yakan farka cikin dare idonsa biyu amma ya kasa motsa ko yatsa, ƙirjinsa ya yi nauyi, ya ji kamar wani yana tsaye a bakin gado. Dannau ke nan, kuma yana faruwa ne idan hankali ya dawo alhali jiki bai fita daga sandarewar da yake yi lokacin mafarki ba. Masu bincike a jami'ar Harvard, Susan Clancy da Richard McNally, sun gano cewa da yawa daga masu cewa an sace su da irin wannan daren labarinsu ya fara.

Labarin da ya zama abin kwaikwayo shi ne na Betty da Barney Hill, ma'auratan da suka ce sun ga wani haske yana bin motarsu a jihar New Hampshire a watan Satumba na 1961. Cikakken bayanin shiga jirgin ya fito ne a 1964, lokacin da likita Benjamin Simon ya riƙa sa su cikin magagi yana yi musu tambayoyi, kuma shi kansa likitan ya fi karkata ga cewa mafarkan da Betty ta yi ta ba mijinta labari su ne tushen abin. Daga nan jaridu da talabijin suka yaɗa siffofin halittun da ma'auratan suka bayyana, don haka kamanceceniyar labaran da suka biyo baya ba ta nuna cewa shaidu ne daban-daban, tunda duk daga rijiya ɗaya suka sha.

Wani ɗalibi:
Malamaina, ku yi mini afuwa, amma taurari sun fi a ƙirga. Ta yaya za a ce mu kaɗai ne?

Malamin lissafi:
Ɗana, babu wanda ya ce haka a nan. Yiwuwar akwai rai a wani wuri magana ɗaya ce, zuwansu nan kuma magana ce ta daban mai buƙatar tata shaidar. Tauraro mafi kusa da mu bayan rana yana da nisan da haske ke cinyewa a shekara huɗu da 'yan watanni, kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 kuwa sai ya yi fiye da shekara 70,000 kafin ya ci irin wannan tazarar.

Matuƙan jirgi kuma, gaskiyarsu ba ta hana ido ya yaudare su, domin a sama babu abin da za a gwada girma ko nisa da shi, ƙaramin abu na kusa da babba na nesa sukan yi kama. David Grusch, tsohon jami'in da ya shaida wa majalisar dokokin Amurka a watan Yuli na 2023 cewa gwamnati tana riƙe da irin waɗannan jirage, ya dogara ne da abin da wasu suka faɗa masa. Shawarata, Malam, ka daina bin sa bidiyo bayan bidiyo. Ka ce ya zaɓi labari ɗaya da ya fi amincewa da shi, ku nemo wanda ya fara ba da shi, da ranar da ya faɗa, da abin da aka ƙara daga baya, kuma kafin ku fara ka tambaye shi wane irin bayani ne zai sa ya yarda ba jirgin baƙi ba ne.