Tubalan wasa a ajin nazare: me kuka gani da idonku?

Malamar nazare, Zariya: Assalamu alaikum malamai da iyaye. Yarana 'yan shekara 4 zuwa 5 ne, kuma kwando ɗaya gare mu na guntayen katako da kafinta ya goge mana. Da na zube su a tabarma sai wawaso, kowa ya tara nasa a cinya, ba mai gina komai. Hajiya shugabarmu kuma ta ce ɓata lokaci ne, a koma kan allo. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa mini yadda ya yi.

Malami daga Maraɗi: Wa alaikumus salam Malama. Haka na fara ni ma. Abin da ya taimake ni, na daina cewa "ku yi gini". Wata safiya na ce yau kasuwa ke ci, sai suka ga rumfa ɗaya ba ta zama kasuwa, dole a haɗa katako. Wani ya jera rumfuna, wata yarinya ta tsaya kai da fata sai an bar wa amalanke hanya, aka rushe layi guda aka sake. Tsakuwa ta zama tumatir, murfin kwalba ya zama kuɗi. Wani yaro da ko sunansa ba ya amsawa da ƙarfi, ranar shi ne mai naman, yana ta "albarka, ƙara dai". Ban sa musu baki ba har aka tashi.

Uwar 'yan biyu: Nawa ɗan shi ne mai rushe na mutane, kullum sai an kawo mini ƙara. Malamarsa ta lura ba mugunta ba ce, ƙarar zubewar yake so. Ta ba shi wuri a gefe ya gina nasa ya ture, ta kuma kafa doka: wanda ya gina shi ke rushewa. Allah ya saka mata da alheri.

Mai koyarwa a kwalejin ilimi: Malama, ki gaya wa Hajiya abin ba sabo ba ne. Friedrich Froebel, wanda ya kafa kindagatin, wato makarantar ƙananan yara, a Jamus a 1840, tubalan katako na cikin kayan da ya tsara wa yara. Caroline Pratt kuma, wata malama a Amurka, wajen 1913, ta yanka nata bisa awo, ƙanana biyu su yi daidai da babba ɗaya. Ki roƙi kafintanku ya yi haka. Yaron da dogon katako ya ƙare masa ya haɗa gajeru biyu ya cike katanga, ai rabi da rabi ya koya tun kafin ya san sunansu.

Malama, makarantar gwamnati: Ni gaskiya da aji cike maƙil bai yiwu mini ba, sai da na riƙa ware shida shida, sauran suna zane. Kuma a kula, kada a bar ƙananan na roba kusa da 'yan ƙasa da shekara 3, baki suke kai su.

Malamar nazare, Zariya: Na gode ƙwarai. Yau na gwada da tashar mota, yara shida. An yi rigima kan wa zai zama direba, sai wata ta jawo katako huɗu ta ce a yi mota ta biyu. Hajiya ta leƙo ta taga, ta daɗe a tsaye.