Wai idan aka ce an gwada maganin gargajiya a lab, ya isa mai hawan jini da ciwon ƙoda ya sha?

Ummu Yara:
Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. Babanmu yana da hawan jini shekara shida kenan, yana shan lisinopril, toh watan jiya likita ya ce ƙodarsa ta ɗan fara gajiya saboda kiriyatinin ɗinsa, wato wani dattin jini da ƙoda ke tacewa, ya hau. Shine wani abokinsa ya kawo masa jiƙon ganye a gora, babu sunan ganyen a jiki babu awo, kawai an rubuta wai an gwada shi a lab yana saukar da jini yana wanke ƙoda. Baba ya dage sai ya sha, ni kuma wallahi hankalina ya ƙi kwanciya, na ɓoye gorar a bayan kwaba. Wane irin gwaji ake nufi?

Ɗalibin Famasi:
Wa alaikis salam 'yar uwa, kin yi daidai da kika tsaya tambaya. Yawanci fa ɓeraye ake nufi. Ana shanya ganyen a daka, a jiƙa a ruwa ko a etanol (wani nau'in sifirit), a tace a ƙafar da shi, sai a samu ɓerayen da aka sa wa hawan jini da gangan, ko da gishiri mai yawa ko da wani sinadari L-NAME, a riƙa ba su gwargwadon nauyinsu na wasu makonni ana auna jinin, daga ƙarshe a duba kiriyatinin da yuriya (shi ma dattin jini ne da ƙoda ke fitarwa) a kuma yanka ƙodar a kalla a madubin likita. Aiki ne mai kyau amma matakin farko ne, bai gaya miki cokali nawa dattijo mai raunin ƙoda zai sha ba, kuma abin da etanol ya tatso daban yake da abin da ruwa ke fitarwa a gora.

Tsohuwar Nas:
'Yata kar ki bari ya sha tukuna. A Beljiyam farkon shekarun 1990 mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace bayan sun sha maganin rage ƙiba na ganye, ashe an yi kuskure an sa tsiron Aristolochia a ciki, da yawansu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya kansar hanyar fitsari ta kama su. Ita ƙoda shiru take lalacewa, mutum na yawonsa lafiya lau. Ga shi lisinopril kansa yana iya tara sinadarin fotasiyam a jini, in jiƙon ma yana da shi da yawa zuciya ce za ta sha wuya.

Mai Son Tsirrai:
Gaskiya ne Hajiya, amma kar a ɗauka duk ganye guba ne. Reserpine da aka daɗe ana ba masu hawan jini daga saiwar Rauwolfia aka ciro shi a 1952. Zoɓo ma an gwada shi a jikin mutane, a jami'ar Tufts ta Amurka mutum 65 suka shiga, masu shan kofi uku kullum na sati shida lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7, sai dai masu hawan jini mara tsanani ne waɗanda ba sa shan magani, ba masu ciwon ƙoda ba. Can an san sunan tsiron an san awon, wannan gorar kuwa ko sunan ganyen babu.

Ummu Yara:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Baba duka, ya yi shiru sannan ya ce toh a kai wa likitan gorar ya gani. Ranar Litinin za mu je, dama akwai gwajin fitsari da za a maimaita masa.