Ina zan samu tsofaffin takardu da hotunan dajin Maradi?

Ɗan_Gulbi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta memuwar ɗina na ƙarshen karatu kan yadda itatuwa suka ƙare a gonakin Maradi kuma suka dawo, to duk wanda na tambaya sai ya ce ai sassabin zamani ne (barin kututture ya tohu a gona ana gyara shi), wanda Tony Rinaudo ya kawo a 1983, shikenan. Ni abin da ya gabaci haka nike nema, mi ya sa tun farko manomi ke tumɓuke duk tsiron da ya fito a gonarshi? Don Allah wanda ya san inda takardu suke ya taimaka.

Mushe_Tibiri:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da dokar daji ta Turawan Faransa, ta 4 ga Yuli 1935, da wadda anka yi a 1974 bayan mun samu 'yanci. Itace irin gawo ya zama abin gwamnati ko da cikin gonarka ya fito, in ka sare reshe malamin daji ya ci ka tara, to wa zai bari ya girma ya jawo mai rigima? Sai kuma gyaɗa da ta sa anka yi ta share daji. Rahotannin kumandan na Arshif ta ƙasa a Yamai, wasu na Dakar tunda can ne babban birnin AOF (ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mulka), wasu kuma Aix-en-Provence a Faransa. Kuma kada ka manta babban taron yaƙi da hamada da anka yi nan Maradi a 1984 zamanin Kunce, abin kunya ne a ce yaranmu ba su taɓa ganin takardarshi ba.

Hadiza_Karto:
Hoto ya fi saurin gamsar da mutum wlh. IGN, hukumar taswira ta Faransa, ta ɗauki hotuna daga jirgi a shekarun 1950 da kuma 1975. Irinsu ne Gray Tappan na USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, ya jera da na tauraron ɗan adam, har aka gano wajen hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Maradi da Damagaram da kewaye, itace kusan miliyan 200. Ka nemi rubuce-rubucen Claude Raynaut ma, ya daɗe yana bincike a ƙauyukanmu. Ka leƙa INRAN, cibiyar binciken noma, a Tarna kuma ka tambayi lissafin ruwan sama.

Baba_na_Madarunfa:
Ɗana duk abin da suka faɗa maka gaskiya ne, amma takardun nan masu mulki da baƙi suka rubuta su, ba za ka ji muryar wanda ya bar kututturen kalgo da sabara ya tohu a gonarshi maƙwabta na mishi dariya suna ce mai raggo ba. Tafi Ɗan Saga wajen Agye, tafi bakin dajin Baban Rafi, zauna da tsofaffi maza da mata, matan nan su suka san nisan da ake tafiya neman icen girki lokacin yunwar El Buhari ta 1984. Waɗanda suka ga ambaliyar 1945 da ta sa garin Maradi ya tashi daga fadama ya hau tudu saura ƙalilan, kullum ana rage su. Ni da idona na ga kwalayen rahotanni a wani biro an jibge su a ƙasa gara ta ci rabi, raina ya ɓaci ƙwarai. Duk takardar da aka yarda ka taɓa ka ɗauke ta hoto da salula.

Ɗan_Gulbi:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗan Saga zan fara tunda nan kusa ne, Yamai sai hutu. Yaya Hadiza, hotunan 1975 ɗin ana samunsu a intanet ko sai an je da kai?