Bazararmu ta farko a Landan: ina kuke kai yara idan rana ta ƙi faɗuwa?

Baƙuwar Landan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Watanmu 9 da zuwa, maigida yana karatu, ni kuma ina gida da yara uku. Mun sha sanyin da har na ce garin nan ba na zaman mutum ba ne, tun ƙarfe huɗu na yamma an kira magariba. Yanzu kuma abin ya juye. Ƙarfe tara na dare gari tangaran, yara sun ƙi kwanciya, wai "Mama ai dare bai yi ba." Ga shi ƙarshen Yuli za a ba su hutu na kusan mako 6, mu kuma ɗaki biyu gare mu a hawa na uku, ba tsakar gida ba baranda. Don Allah waɗanda suka riga mu zuwa, ina kuke zuwa a wannan lokacin? Inda ba zai cinye aljihu ba nake nema, kuma inda mutum zai samu wurin salla. Abin da kuka gani da idonku nake so.

Maman 'Yan Biyu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da zuwa. Maganar barci tukuna: ki nemi labule mai kauri wanda ba ya barin haske, ki rufe taga tun ƙarfe bakwai. Ni sai da na shekara ina faɗa da yara kafin wata maƙwabciya 'yar Somaliya ta nuna mini.

Fita kuwa, yaron da bai kai shekara 11 ba kyauta yake shiga bas, kuma kyauta yake shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa in yana tare da babba. Ke kaɗai za ki biya. Bas ba ya karɓar tsabar kuɗi, kati ake ɗorawa, kuma in kika sauya bas cikin awa ɗaya ba a sake cirar miki komai. Da wannan muka zagaye rabin gari.

Wurin da ya fi karɓar mu shi ne Hyde Park, wajen ruwan da aka gina don tunawa da Gimbiya Diana. Wani zagayayyen kwari ne na dutse, ruwa yana gudu a ciki, wani wurin a hankali wani wurin da ƙarfi, zurfinsa iya idon sawu. Ranar farko na yi musu kwalliya, shadda sabuwa har da hula, wai mun fito yawo. Minti biyar ba a yi ba suka jiƙe sharkaf, Hassan ya zame ya zauna daɓas a ciki. Haka muka shiga bas suna ɗiga, wata tsohuwar Baturiya tana ta danne dariya. Tun daga nan sai da kaya biyu da tawul nake fita. Ki tafi da abincinki a kula, shinkafa da wake ko dambu, ki shimfiɗa tabarma a kan ciyawa. Babu mai kallonki, kowa abin da yake yi ke nan.

In an wayi gari da ruwa, don nan bazara ba ta hana ruwan sama, ki nufi South Kensington. Gidan tarihin halittu da gidan kimiyya suna jere, shiga kyauta, sai dai ki karɓi tikitin kyautar ta intanet tun daga gida saboda layi. Akwai ƙashin wani ƙaton kifin teku a rataye a zauren shiga, yarana har yau suna maganarsa.

Bakano na Woolwich

Hajiya, abin da ya fara ba ni mamaki ni shi ne agogo. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai lokacin Landan ya zo daidai da na Najeriya da Nijar. Kiran gida ya yi sauƙi, babu lissafi.

Kuma tunda an yi maganar agogo, ki kai su Greenwich. Mu da muka tashi muna jin "ƙarfe kaza agogon GMT" a rediyon Baba, wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa wannan G ɗin wata unguwa ce da mutum zai taka da ƙafarsa ba. Gidan duban taurarin yana kan tudu, shiga inda layin da ya raba duniya gabas da yamma yake ana biya, amma hawa tudun kyauta ne, kuma daga can kana hangen kogin Thames da dogayen benayen Canary Wharf. Akwai wata hanya da aka haƙa ta ƙarƙashin kogin tun 1902, da ƙafa ake bi. Na gaya wa ɗana cewa ruwa ne a samanmu, ya riƙe rigata bai saki ba sai da muka fito ɗaya ɓangaren. A nan unguwarmu ma akwai jirgin fito da ke tsallake kogin da mutane da motoci, ba a biyan ko sisi. Mun sha shiga mu je mu dawo ba tare da muna da wani wurin zuwa ba.

British Museum shi ma kyauta ne, amma in gaya miki gaskiya ban fito da daɗin rai ba. Ɗakin kayan Afirka yana ƙasa. Ga tagullolin Benin nan jere a bango, waɗanda sojan Ingila suka kwaso a 1897. Na daɗe a tsaye. Aikin hannu ne da in ka gani za ka san mutanen nan sun iya, fuskokin sarakuna da mayaƙa, har zaren tufafinsu ya fito. 'Yata ta tambaye ni, "Abba, to me ya sa suke nan?" Na rasa ta inda zan fara. Duk da haka ki je, gara yara su gani.

Dawakin Sarki kuwa, na je Horse Guards da ƙarfe 11 na safe na ga canjin masu gadi. Dawakai baƙaƙe ƙosassu, sulke yana sheƙi, komai a tsare kamar an auna da ma'auni. Amma wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya ji algaita da kakaki da harbin 'yan bindiga, wannan zai ga kamar an yi biki an hana kiɗa.

Ɗan Damagaram

Ni a Faransa nake, amma na je wajen wani abokina a ƙarshen Agusta ya ja ni bikin Notting Hill. Bikin mutanen Karebiyan ne, 'yan Jamaika da Tirinidad da sauransu. Wani dattijo da muka zauna kusa da shi a bakin dakali ya ba ni labarin asalinsa: a 1958 an yi tarzoma a unguwar, samarin Turawa suka far wa baƙaƙen fata, a shekarar da ta biyo baya wata 'yar jarida mai suna Claudia Jones ta shirya musu biki a cikin zaure, daga baya a 1966 ya fito kan titi. Yanzu ana cewa mutum kusan miliyan 2 ke zuwa cikin kwana biyun.

Kiɗan da ya kama ni shi ne na ganguna na ƙarfe. Da durom ɗin mai ake yin su, a bubbuge gindinsa ya lotsa, kowane lotsi da muryarsa. In mutum talatin suka haɗu suna bugawa sai ka ji kamar ruwa yana zuba a kan kwano amma da waƙa a ciki. Ban taɓa jin irinsa ba.

Kuskurenmu, ranar Litinin muka je. Jama'a ta yi yawan da ba kai ke tafiya ba, tafiya ake da kai. Na waiga ban ga abokina ba, waya kuma ta ƙi shiga saboda cunkoso. Tashar Ladbroke Grove a rufe take ranakun bikin, sai da na taka kusan awa ɗaya kafin na samu jirgi. Takalmina ɗaya ya tsinke a hanya. Lahadi ce ranar yara, an ce ta fi sauƙi, amma ni ban ga Lahadin ba.

Hajiya ta Peckham

Ɗana na Damagaram, ka faɗi kiɗa ka bar sauran. Shekarata 20 da ɗoriya a garin nan, sau ɗaya na je, kuma Lahadin na je. Shigar da ake yi a wurin da giyar da ake sha a titi ba abin da zan kai jikokina su gani ba ne. Wanda ya ga zai iya, ga hanya nan. Ni dai 'yata, ba na ba ki shawarar zuwa da yara uku ke kaɗai, ko don ɓata.

Ga abin da muke yi. Ranar Juma'a mu tafi babban masallacin Regent's Park, mai ƙubbar zinariya, kusa da tashar Baker Street. Akwai sashen mata da wurin alwala, matsalar salla ta kau ke nan. Ana idarwa sai mu tsallaka cikin lambun, don a bakinsa masallacin yake. Ga tafki da agwagi da ƙananan jiragen haya da ake tuƙawa da ƙafa, ga wurin wasan yara dab da ƙofa. Can ciki akwai lambun fure na Sarauniya Mary, a farkon Yuni ƙamshin wardi tun daga nesa. Mu zauna har la'asar, mu koma masallaci, mu dawo mu ci gaba da hira har magariba. A nan na haɗu da yawancin ƙawayen da nake da su yau, da 'yan Sudan masu jin Hausa da matan Zangon Kumasi. Kina jin an ce wa yaro "kai, zo nan!" sai ki waiga, shi ke nan an zama 'yan'uwa.

In kuma kina kewar kasuwa, ki zo Rye Lane ranar Asabar. Doya, kuɓewa, attarugu, manja, busasshen kifi, har zoɓo. Da zafi ya shigo titin nan sai ki rantse Legas kike.

Malamin Lissafi

Kada a manta da zafin kansa. Ranar 19 ga Yulin 2022 ma'aunin zafi ya haura digiri 40 a filin jirgin saman Heathrow. Na yi ta dariya ina cewa mu 'yan Sakkwato wannan ai sanyin safiya ne. Daren nan ban runtsa ba. Gidajensu don riƙe ɗumi aka gina su, babu esi, babu inuwar darbejiya, fanka kuma ta ƙare a shaguna. In rana ta buɗe ku guji jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Central, tanda ce. Layin Elizabeth yana da sanyi. Ku riƙe gorar ruwa.

Sai kuma atishawa. Ƙurar furen ciyawa ce a Yuni da Yuli, ido ya yi ja, hanci ya yi ta zuba. Na ɗauka mura ce har mako uku, sai mai kantin magani ya ba ni ƙwaya ɗaya a rana.

Kawu Tsohon Ɗalibi

Ku yaran yanzu kun samu sauƙi, azumi ya koma lokacin sanyi. Na 2016 a Yuni ya faɗo mana, sama da awa 18 muna ɗauke da shi. A sha ruwa bayan ƙarfe tara, a yi asham, kafin ka kishingiɗa an ce sahur. Har yanzu dai jadawalin salla na bazara sai an yi masa dabara, isha'i wajen goma da rabi ko fiye, asuba kafin ƙarfe uku a masallacinmu. Ni barcin rana na mayar farilla.

Abin da ban ji an ambata ba shi ne kusurwar masu jawabi a Hyde Park, ta wajen Marble Arch, ranar Lahadi. Kowa ya ga dama ya zo da ɗan tsaninsa ya hau ya yi ta magana. Ga mai wa'azin Kirista, ga ustazu, ga wanda ya ce babu Allah, ga mai zagin gwamnati, 'yan sanda na tsaye suna kallo. Lahadin farko da na je na ɗauka za a ba hammata iska. Wani ya ɗaga murya har jijiyar wuyansa ta fito, abokin gardamarsa yana nuna shi da yatsa. Da yamma na gan su su biyun a layin mai shayi, ɗaya yana biya wa ɗaya. Na je da niyyar minti goma na yi awa uku. Maigidanki zai ji daɗinsa, amma ki gargaɗe shi kada ya tsoma baki, yanzu kowa da kyamara, gobe sai ku gan shi a YouTube.

Bakano na Woolwich

Kawu ka tuna mini. Kowa ya binciki dokar lambu kafin ya kunna wuta. Bayan sallar layya ta 2024 muka haɗu mu shida, na kwana ina jera nama a tsinke, ƙuli da yaji na gida. Gawayi ya kama ke nan, tsire ya fara tsatsafo da mai, sai ga ma'aikacin wurin a kan keke. Cikin ladabi ya ce a kashe, ba a gashi a nan. Muka ba shi tsinke ɗaya ya ɗanɗana, ya yi murmushi ya ce a'a, a dai kashe. A tandar kicin aka ƙarasa shi, ya fito kamar dafaffe. Lambunan Sarki duk an hana, Hyde Park da Regent's Park da Greenwich. Na unguwanni kuma kowace ƙaramar hukuma da tata dokar.

Baƙuwar Landan

Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Labule ya zo shekaranjiya, jiya ƙarfe takwas da rabi gida ya yi tsit. Ranar Asabar mun gwada Greenwich, mun bi ta ƙarƙashin kogin, ƙaramar ta ce in ɗauke ta kada ruwa ya taɓa mata takalmi. Ban tafi da laima ba, ruwa ya tare mu a kan tudun, muka ruga gidan tarihin jiragen ruwa da ke ƙasa muka fake, ashe shi ma kyauta ne, muka ƙare yinin a ciki.

Hajiya ta Peckham, insha Allah Juma'ar nan muna Regent's Park. Zan zo da zoɓo da cincin. Atamfa shuɗiya zan sa, da keken jariri ja, in kin ji ana "Sadiq, sauko daga nan!" to ni ce.