Waɗanda aka yi wa aikin gyaran gani, yaya idonku ya warke?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Yau kwanana tara da yin LASIK, wato aikin gyaran gani da lesa, na rabu da tabarau bayan shekara 14. Gani kam tun washegari ya washe, har lambar mota nake karantawa daga nesa. Amma da la'asar ta yi sai in ji kamar an watsa min yashi a ido, da daddare kuma fitilun motoci sai su yi rawani. Hankalina ya fara tashi. Akwai wanda ya ga haka?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, kwantar da hankalinki, bushewa ce. A LASIK ana yanka ɗan marfi a tantanin nan mai kama da gilashi da ya rufe baƙin ido, a ɗaga shi, a gyara ƙarƙashinsa da lesa, a mayar. Wurin yankan ana tsinke ƙananan jijiyoyin da ke sa ido ya kawo hawaye, su kuwa a hankali suke tohowa. Ni sai da na yi wata shida ina yawo da maganin ɗigawa a aljihun gaba. Kuskurena da hunturu na yi aikin, na dawo Kano cikin hazo. Don Allah kada ki murza idon, marfin nan ba ya komawa ƙarfinsa na da.

Ummi 'yar Zariya: Ku kun ji daɗi. Ni da aka auna aka ce tantanina ya yi siriri, ba zai ɗauki marfi ba, sai PRK. Kankare fatar saman suke yi, su gyara da lesa, su ɗora ɗan lens kamar bandeji. Wallahi kwana uku ina ɗaki a rufe, labule a sauke, hawaye kamar mai yanka albasa. Hasken waya ma ba na iya kallo. Rana ta biyar aka cire lens ɗin, fatar ta rufe, amma rubutu bai tsaya min sosai ba sai bayan wata guda. Abin da ya ba ni haushi, babu wanda ya gaya min maganin ɗigawar da ke hana tabo zai iya ɗaga hawan ido. Sai da na koma aka auna aka ga ya hau, aka canza min.

Dattijo: 'Ya'yana, ku da lesa aka yi muku, ni da wuƙa. A Mosko aka yi min a 1988 ina ɗalibi, lokacin aikin likitan idon nan na Rasha, Fyodorov, yana tashe. Tsaga takwas a kowane ido, jere kamar sifokin keke, kowace ta kusa ratsa tantanin, shi kuwa kaurinsa kusan rabin milimita ne kawai. Tantanin nan ba shi da jijiyar jini, shi ya sa rauninsa ba ya haɗewa kamar na fata. Har yau ganina na asuba daban, na magariba daban. Da shekaru suka ja sai ganin kusa ya gudu, na koma tabarau. Bara da za a cire min yana, likitan ya daɗe yana lissafi, ya ce tsofaffin tsagar nan suna iya buɗewa idan bai bi a hankali ba. Bayan fiye da shekara talatin fa!

Maman Ilham: Ikon Allah. Baba, Allah ya ƙara lafiya. To alwala fa? Mako guda ina shafa fuska da kaffa-kaffa, ido a rufe. Kuma ga bikin ƙanwata saura kwana goma, ina son sa kwalli.

Ummi 'yar Zariya: Alwala ki tambayi likitanki, ni bayan mako ɗaya ya sake ni. Kwalli kuwa ki haƙura, Anti, nawa wata guda ya yi a durowa. Ki sa baƙin gilashi ki tafi abinki, amma ki zauna nesa da masu turaren wuta.