Neman shawara kan gwajin manhaja mai gudana da kansa

Ɗalibi daga Samaru: Assalamu alaikum. Muna da wata buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa zai iya gani ya turo gyara) ta yaren kwamfuta na Python a GitHub, dandalin ajiye manhajoji, wadda ke gyara rubutun Hausa, musamman haruffa masu lanƙwasa. Yanzu masu turo gyara sun yi yawa, muna son gwaji ya riƙa gudana da kansa kafin a haɗe kowane gyara. Shin mu gwada a Linux kaɗai, ko mu haɗa da Windows? Kuma gwajin da ke ɗaukar lokaci, a bar shi sai dare?

Injiniya daga Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ka nemi tsohuwar kwamfuta ka ɗora mata Jenkins, manhajar da ke gudanar da gwaji da kanta, komai ya kasance a hannunka.

Malama daga Kongo a Zariya: Injiniya, yaron nan bai tambayi inda zai ajiye na'ura ba. Ƙanena, kada ka bar Windows, domin a can Python yakan buɗe fayil da tsarin haruffan na'urar idan ba ka ambaci UTF-8 ba, wato tsarin haruffan da ya ƙunshi masu lanƙwasa, sai ƙ da ɗ su rikiɗe alhali a Linux komai ya wuce lafiya.

Wani daga Tudun Wada: Ni dai na daina amincewa da kyauta. Mun ɗora dukkan gwajinmu a wani dandali da ya ce ba zai karɓi kuɗi daga buɗaɗɗun manhajoji ba, rana tsaka ya sauya tsari, mintocinmu suka ƙare ana tsakiyar shirin fitar da sabon zubi. Gyare-gyare suka taru babu mai iya tabbatar da su, wani bawan Allah da ya fi kowa taimaka mana ya gaji da jira ya tafi, kuma har yau aikin bai farfaɗo ba.

Injiniya: Ka ga abin da nake faɗa.

Malama: Amma GitHub Actions, tsarin GitHub na gudanar da gwaji da kansa, kyauta ne ga ma'ajiyar manhaja da ke buɗe ga kowa. Iyakar minti 2,000 a wata ta shafi ma'ajiya ta sirri ce.

Na Tudun Wada: Ni minti 400 na sani.

Malama: Wannan na GitLab ne, wani dandali daban mai kama da GitHub. Sannan, Injiniya, GitHub da kansa ya yi gargaɗi kan haɗa na'urarka da buɗaɗɗiyar ma'ajiya, saboda duk wanda ya turo gyara yana iya sa ta gudanar da abin da ya ga dama.

Injiniya: Malama, da girmamawa, aji daban, fagen aiki daban. Wanda ya kwana yana gadin saba, wato kwamfutar da ke gudanar da aikin, shi ya kamata a saurara.

Wani daga Gyallesu: Injiniya, sabar taka da azumi take aiki idan aka ɗauke wuta?

Injiniya: Da sola da inbata. Abin da ya fi ci mini rai shi ne biyan dala, domin na sha gwada katin naira ya ƙi wucewa, sai na roƙi wani a waje ya biya mini.

Na Tudun Wada: Haka muka yi ta fama lokacin da muka yanke shawarar biya. Banki ya ce mu buɗe asusun dala, alhali aikin sa kai ne, ko kwabo ba ya kawowa.

Ɗalibi: Na gode, Malama, zan haɗa da Windows. Batun gwajin dare fa?

Na Gyallesu: Injiniya, batirin inbatar nan nawa ka saye shi, kuma a Zariya ko a Kano?