Tambaya: A Wane Rukuni na Makaɗa Za a Ajiye Bala Miller?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare a nan Sakkwato, kuma darasin waƙoƙin baka da muke yi ya ƙunshi makaɗan fada da na jama'a, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi da Shata. Wani ɗalibi ya tambaye ni inda za a sa Bala Miller, domin mahaifinsa yana yawan sauraren waƙarsa ta "Ikon Allah", kuma da Hausa tsantsa aka rera ta. Ina roƙon waɗanda suka riski zamaninsa su ba mu tarihinsa da yadda ya tafiyar da ƙungiyarsa, sannan su bayyana mana dalilin da ya sa ba a cika jin sunansa ba idan ana lissafa makaɗan Hausa.

Baba na Gawon Nama ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya yi maka albarka da ka kawo wannan magana, domin mutumin ya cancanci a san shi.

An haifi Bala Miller a shekarar 1928 a Fankshin, cikin Jihar Filato ta yanzu. Mahaifinsa limamin coci ne daga cikin Kiristocin Zariya, kuma aikin mishan ya riƙa kai shi gari-gari, har iyalin suka zauna a Lakwaja. A irin wannan gida yaro yana tashi ne yana jin waƙar coci da ake rerawa murya-murya, yana kuma ganin kayan busa na ƙarfe da takardun da ake rubuta sauti a kansu. Wannan shi ne tushen bambancinsa da makaɗanmu na gado, kuma wanda bai riƙe shi ba ba zai gane sauran labarin ba. Daga baya ya yi karatu a makarantar mishan ta CMS da ke Legas, wadda aka kafa tun 1859.

Legas ɗin da ya tarar tana cikin tashen kiɗan hailaif, wato kiɗan rawa na zamani mai jita da kayan busa. Daga Gana wannan kiɗa ya yi ƙarfi, a hannun E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos, waɗanda suka riƙa zuwa Najeriya wasa a farkon shekarun 1950. Bobby Benson ya riƙe fagen a Legas, sannan Victor Olaiya, wanda ya fita daga hannun Benson, ya kafa tasa ƙungiyar ta Cool Cats a 1954, kuma shi ne ya yi kiɗa a babbar liyafar samun 'yancin kai a 1960. Bala Miller ya yi hulɗa da Olaiya har ya tsara masa waƙoƙi, amma bai saki aikin albashi ya rungumi kiɗa kacokan ba a lokacin. Ya daɗe yana aikin tallar kaya a kamfani. Wannan ba baƙon abu ba ne a wancan zamani, domin shi kansa E.T. Mensah ma'aikacin haɗa magunguna ne kafin kiɗa ya riƙe shi.

Sai a shekarun 1970 ya tsaya sosai a kan sana'ar. Ya sa hannu wajen koyar da matasa kiɗa a Kano, sannan ya kafa babbar ƙungiyarsa mai suna Great Music Pirameeds of Africa, wadda ta kai mutum fiye da 20, ya kuma yi zamansa a Kaduna inda yake da gidan wasansa. Lokacin kuɗin man fetur ne, lokacin FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya da aka yi a Najeriya a 1977, kuma a shekarar ce aka haɗe gidajen talabijin na ƙasa a ƙarƙashin NTA.

Mu a Sakkwato ta talabijin muka san shi, a shirinsa da NTA ta riƙa nunawa a faɗin ƙasa cikin shekarun 1980. A unguwarmu akwatin talabijin ba ya wuce gida ɗaya ko biyu, mai hoto baƙi da fari, sai a fito da shi ƙofar gida bayan sallar isha'i, yara su zauna a tabarma, manya a benci. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne masu busa: suna tsaye a jere cikin kaya iri ɗaya, kowa da takardarsa a gabansa, sai su ɗaga ƙahoninsu lokaci guda su sauke lokaci guda, kuma da zarar jagoran ya ɗaga hannu sai komai ya tsaya cak, ba mai ƙara ko bugu ɗaya. Wanda ya san wuyar haɗa kan mutum goma a kan aiki ɗaya zai gane yawan gwajin da aka sha kafin a kai ga haka.

Malama Inno ta Arkilla ta rubuta:

Baba, Allah ya ƙara girma, ka share mana hanya. Malam, ni zan taɓa ɓangare na biyu na tambayarka, wato dalilin da ya sa sunansa ya yi ƙaranci a bakin manazarta.

Idan aka dubi tsarin ƙungiya kawai, tazarar da ke tsakanin Bala Miller da Ɗanƙwairo ba ta kai yadda ake zato ba. Makaɗin fada ma jagoran ƙungiya ne. Shi ke ƙulla gindin waƙa, shi ke saƙa ɗiyanta, yana da 'yan amshi waɗanda ke karɓa suna ƙari suna kuma kaɗa kotso ko taushi, yana da sanƙira mai fayyace wa jama'a wanda ake yabo da abin da aka bayar, yana da Daudun Kiɗi da ke riƙe masa ragama. Su ma suna zama su yi ta maimaita sabuwar waƙa a gida har ta nuna kafin a kai ta gaban sarki, kuma shi ke raba abin da aka samu gwargwadon matsayin kowa.

Inda suka rabu shi ne wanda ke riƙe da su. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa Amadu. Jankiɗi yana da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Ubangida yana ba da riga da doki da hatsi, wani lokaci har gona da gida, amma abin da ya fi waɗannan duka shi ne yana ba waƙa wurin zama. Waƙar da aka yi wa gidan sarauta tana rayuwa muddin gidan yana nan, domin duk naɗin sarauta da duk hawan salla za a nemo ta, jikokin wanda aka yi wa ita kuma suna ɗaukar ta a matsayin kayan gadonsu. Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, amma har gobe gidajen rediyo ba su daina sa waƙarsa ta Sardauna ba, 'ya'yansa kuma sun ci gaba da kiɗan.

Bala Miller ba shi da ubangida irin wannan. Masu saurarensa ma'aikatan gwamnati ne da na reluwe da na masaƙu da hafsoshin soja, mutanen Kaduna da suka taru daga ƙabilu daban-daban, suka biya kuɗin shiga suka yi rawa suka watse. Irin wannan taro ba ya barin magaji.

Akwai kuma laifinmu mu masu nazari. Ma'aunin da muka saba da shi na kalmomi ne: kirari, zambo, habaici, kamance, sarrafa harshe. Da wannan ma'auni ba wanda zai kama ƙafar Narambaɗa. Gwanintar Bala Miller kuwa tana cikin tsara sauti, wato sanin inda masu busa za su shigo, inda jita za ta ja baya, da yadda za a ɗora karin harshen Hausa a kan kiɗan hailaif ba tare da kalma ta karye ta sauya ma'ana ba. Sassan Hausa na makarantunmu ba su horar da ɗalibai su auna wannan ba, sai aka bar shi a gefe. A ganina makaɗin Hausa ne ba tare da wani kokwanto ba, kuma maƙwabtansa na kusa su ne makaɗan rawa na birni, masu goge da kukuma irin su Garba Supa da Ahmadu Doka da Hassan Wayam.

Mai Fiyano ya rubuta:

Hajiya, na yarda da mafi yawan bayaninki, sai dai ina ganin kin ba rashin ubangida nauyin da ya wuce kima. Ni a ɗakin ɗaukar waƙa nake neman abincina, kuma a fahimtata tsadar riƙe ƙungiya ce ta fara kayar da irin kiɗansa.

Mai kalangu idan fatarsa ta fashe, wajen mahauta zai je ya samo wata, ya ɗaure da kansa. Mai saksafon kuwa ɗan siririn itacen da ke bakin abin busarsa ma daga ƙasar waje ake kawo shi, haka tsirkiyar jita da na'urar ƙara sauti da lasifika. Ga albashin mutum fiye da 20, ga ɗinkin kayan sawa, ga motar da za ta kwashe su da kayansu. Bugu da ƙari, a Arewa yawancin waɗanda suka iya busa ƙaho na ƙarfe suna cikin 'yan badujala na soja da 'yan sanda, don haka dole jagora ya ɗauki yaro ya koya masa tun daga riƙon ƙahon, kuma ranar da ya ƙware wata ƙungiya tana iya ɗauke shi. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, kayan kiɗa suka yi tsada, aljihun ma'aikatan da ke zuwa kallo kuma ya bushe, duk a lokaci guda.

Daga nan sai fiyano ta ƙarasa aikin a shekarun 1990, tare da tashin finafinan Hausa a Kano. Yau mawaƙi yana shigowa wurina shi kaɗai, ya rera mini amshinsa sau biyu, in danna maɓalli in zaɓo muryar ganga, in ɗora ta kalangu, in ƙara ta masu busa, sannan ya shiga ɗan ɗakin da muka liƙa wa soso a bango ya ɗora muryarsa. Kafin la'asar an gama. Ba na raina sana'ata, amma kunnena yana gaya mini cewa busar da na'ura ke fitarwa ba ta numfashi, kuma ba ta jiran mawaƙi idan ya ja baiti.

Ɗan Kanwuri ya rubuta:

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Duk kun kewaye wani dalili da kowa ya sani. Kiɗan irin waɗannan ƙungiyoyi a otal da kulob ake yin sa, inda ake sayar da giya maza da mata suna rawa tare, kuma malaman jihadi tun zamanin Shehu sun yi suka mai tsanani ga kiɗan da ke cakuɗa maza da mata. Uba a Sakkwato zai bari ɗansa ya haddace waƙar Narambaɗa, amma ba zai so a ce ɗansa yana busa a gidan rawa ba. Masu gogen da Malama ta ambata su ma wannan kallo aka yi musu, ko da yake Musulmi ne 'yan gida.

Baba na Gawon Nama ya sake rubutawa:

Ɗana, maganarka tana kan hanya, kuma ita ce ta sa irin wannan ƙungiya ba ta yi saiwa a garinmu yadda ta yi a Kaduna da Jos ba. Sai dai ka tuna cewa mafi yawan 'yan Arewa da suka san Bala Miller ba su taɓa taka gidan rawa ba. A tsakar gida suka gan shi, tare da iyayensu da ƙannensu, kuma waƙarsa da ta fi yaɗuwa magana take yi a kan ikon Ubangiji, Musulmi da Kirista suna rera ta ba tare da wani ya ji an taɓa addininsa ba.

Sannan dusashewar manyan ƙungiyoyin hailaif ba a Arewa kaɗai ta faru ba, har a wuraren da ba wanda ke ƙyamar gidan rawa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya sa makaɗa da yawa 'yan Gabas sun bar Legas, kiɗan juju na su Ebenezer Obey da Sunny Ade ya cike gurbin, Rex Lawson kuma ya rasu a haɗarin mota a 1971. Victor Olaiya ya daɗe a fage har tsufansa ne saboda ya gina otal ɗinsa na Stadium a Surulere, inda ƙungiyarsa ta riƙa wasa ba tare da jiran gayyata ba. Dabarar da Bala Miller ya bi a Kaduna ke nan, kuma ta riƙe shi muddin garin yana zaune lafiya ana fita da dare. Rikicin Fabrairun 2000 ya raba mazauna Kaduna gida biyu, wasu suka koma kudancin kogi wasu arewacinsa, mutanen da a da suke haɗuwa a wuri ɗaya su saurare shi suka daina ƙetare gada bayan magariba. Ya rasu a 2003.